Ranar da Firjin Varbin Ya Yi Shiru

Ƙofar asibitin a kulle take, makulli na nan inda ake ajiye shi kullum a ƙarƙashin tukunyar fure, shi ya sa Nevena ba ta kawo komai a ranta ba sai da ta shiga. Shirun ne ya fara taɓa ta. Shekara guda ke nan duk wanda ya shigo ɗakin gurnanin firji ke fara yi masa maraba, yau kuwa ko tari ba ya yi. Murfinsa a buɗe, an tokare shi da tawul. Ciki babu komai.

Ta duba ƙasan tebur inda batirin ke zama, wani akwati mai nauyin buhun dankali wanda gwamnati ta kawo tare da farantan sola na kan rufi. Sai waya kawai ta gani tana reto.

Ta zauna a kan benci. 'Yarta Ralitsa, wadda ake kira Rali, mai shekara shida, ciwon sukari gare ta, kuma da karin kumallon safiyar nan insulin ɗin gida ya ƙare. Sauran na wata uku a firjin nan yake, don tun da kuɗin wuta ya tashi mutanen Varbin suke kashe firjinsu da sanyi, ga ɗakin ajiya na daskarar da abu, ga kicin da zafin murhu. Kwana biyu ke nan kuma da dusar ƙanƙara ta zabtaro daga dutse ta rufe hanyar Smolyan, ta kayar da turakun wuta. Waya ba ta shiga, mota ba ta fita.

Kafin rabin sa'a gari ya taru. Nas Boyka ta tsaya gaban firjin hannu a ka. Maigari Bai Delcho, wanda shi ya yi ta zarya birni har aka kawo kayan, ya ɗaga yatsa ya nuna kyamarar da ke saman ƙofa.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa. Don irin wannan ranar aka kafa ta. Ko ɓera ne ya wuce ta ɗauke shi."

"Da wace wuta take aiki, Bai Delcho?" in ji Boyka.

Maigari ya sauke yatsansa.

"Daga batirin take sha," Boyka ta ce. "Kuma tun shekaranjiya ba ta da inda za ta tura hoton."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Ashe ɓarawon ya tafi da mai gadin ma a aljihu!" Aka yi dariya kaɗan, sai aka tuna da Nevena, dariyar ta mutu.

"Mladen ne," wata mata ta faɗa. Nan take kowa ya kama. Ai shi ya yi shekara biyu a kurkuku saboda yankan wayar tagulla. Wa ya san kan wuta a garin nan in ba shi ba?

Nevena ba ta tsaya ji ba. Ita ba ɓarawo take nema ba, magani take nema, kuma kafin la'asar. Ta gyara ɗankwalinta ta nufi gidan ƙarshe na bakin daji.

Lelya Zlatka, wato Inna Zlatka, ta yi shekara arba'in da ɗaya tana ƙirga wa ofishin gandun daji beyar da kyarkeci ta hanyar sawunsu kawai. Da aka fara ɗaura wa dabbobi abin wuya mai waya, aka lilliƙa kyamara a bishiyoyi, sai aka ba ta takardar yabo aka sallame ta. Nevena ta same ta tana faskare. Ta saurara har ƙarshe ba ta ajiye gatarin ba.

"Mutum nawa suka tattake bakin ƙofar?"

"Duk gari, Lelya."

"Tarakta fa?"

"Tun da safe Bai Delcho ya share babbar hanya."

"Allah ya saka masa, ya shafe mini rabin aikina." Ta kafe gatarin a kututture. "Yarinyar za ta kai yaushe?"

"Zuwa yamma za ta fara amai. Bayan nan ban sani ba."

Zlatka ta karyo wani reshe mai ganyen allura ta soke a ɗamararta. "Mu je."

Da isarsu ta kori kowa waje kamar kaji, har Maigari. Ta kwanta da ciki a bakin ƙofa, kumatunta a ƙasa, tana kallon daɓen ta wajen da haske ke shigowa. Ta daɗe a haka har Nevena ta fara cizon leɓe.

"Zo ki kwanta nan."

Nevena ta kwanta. Da farko ba ta ga komai ba sai takun mutanen safe. Sai Zlatka ta nuna mata lungun bayan ƙofa, inda ba wanda ya taka. Tabon ruwa biyu ne da suka bushe, manya, a jere kamar an auna su.

"Nan ya cire takalmi ya jera su. Ya shiga da safa. Ga gashin ulu can a ƙafar tebur."

"Ɓarawo ya cire takalmi?"

"Jiya aka wanke daɓen, ko ba haka ba, Boyka?"

Daga bakin ƙofa Boyka ta ce haka ne, matan gari ne ke karɓa-karɓa.

"Me da me aka ɗauka? Faɗa mini duka."

"Insulin, alluran rigakafin yara, batirin." Boyka ta leƙa cikin firjin. "Kai, har ma'aunin sanyin nan da nake dubawa safe da yamma."

"Magungunan kashe zafin ciwo fa, waɗanda ake sayarwa da tsada a bayan fage?"

"Suna nan. Ko ɗaya ba a taɓa ba."

Zlatka ta taɓa tawul ɗin da aka tokare murfin da shi. Ta fita ta zagaya gefen ginin inda dusar asuba ta kwanta fari fat, ba alamar komai. Ta juya wa mutane baya, ta fuskanci rana, ta durƙusa. Da reshen nan ta fara share dusar a hankali, kamar mai kaɗe gari daga kan faranti. Nevena tana kallo sawu ya fito daga ƙarƙashin farin nan, cikakke, har da layin ƙusoshin tafinsa. Sai na biyu. Sai layi biyu masu santsi na katakon da ake jan itace da shi. Daren jiya yana nan kwance a ƙasa ashe, ba inda ya je.

"Dusar da aka taka ta fi wadda ta zubo daga baya tauri," in ji Zlatka ba tare da ta ɗago ba. "Ba wani sihiri."

"Takalmin masu haƙar ma'adinai ne!" Maigari ya faɗa da ƙarfi. "Lamba arba'in da biyar. Ƙato ne."

Wannan bai rage komai ba. Duk namijin da ya haura hamsin a Varbin ya yi aikin haƙar dalma, kowa na da irin takalmin a bayan ƙofa, har waɗanda ƙurar rami ta cinye wa huhu suka daina fita, irin su Dyado Manol, wato Kaka Manol. Sawun ya gangara zuwa babbar hanya, a nan tarakta ta haɗiye shi.

Mladen yana tsaye a ƙofar gidansa da kofi a hannu lokacin da taron ya iso. Ya ƙare musu kallo.

"Sannunku da zuwa. Yau kuma me na sata?"

"Ina ka kwana?" in ji Maigari.

"A gadon uwata, Bai Delcho. Kai fa? Ko matarka ta sake korar ka zuwa ofis?"

"Ka ga, ba wasa ya kawo mu ba."

"Na sani." Ya juya ga Nevena, muryarsa ta sauka. "Neve, ni waya na yanka, na kuma biya da shekara biyu. Maganin yarinya kuwa, haba. Ki shiga ki birkice gidan."

Zlatka ba ta shiga ba. Ta ce, "Taka zuwa wancan shingen ka dawo." Ya taka, yana wani rangaji don ya ba Maigari haushi. Ta dubi sawun sau ɗaya.

"Ba shi ba ne. Wannan tafiyar agwagwa yake yi, yatsu waje, kuma takunsa ɗaya biyun na can ne."

"Na gode, Lelya. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba."

Duk da haka Maigari ya ce sai ya zauna a shagon kofi inda ido zai gan shi.

Sai wani ya tuna cewa ya ga haske a tagogin Kiro mai masaukin baƙi, hasken lantarki, ba na kyandir ba. Taron ya juya can. Kiro ya tare ƙofar rumbunsa da jikinsa yana rantsuwa da kabarin ubansa cewa ba komai ciki sai kabeji. Nevena ta ratsa ta ƙarƙashin hannunsa ta tura ƙofar. Janareta ce, an lulluɓe ta da barguna uku don kada a ji ƙararta, ga jarkokin mai a jere.

"Kiro!" maƙwabciyarsa ta daka tsawa. "Ba kai ka ce mini jiya ko ɗigon mai ba ka da shi ba?"

"Na baƙi ne! Mutanen Sofiya ne, ba su iya sanyi ba!"

"Mu da muka iya sai mu mutu ko?"

Nevena ta bar su suna yi ta ruga gida. Rali na kwance a jikin kakarta, sanye da jar safar da Baba Velika matar Dyado Manol ta saƙa mata, leɓɓanta a bushe. Ta shanye ruwa kofi huɗu, in ji kakar, ta je bayi sau biyar. Nevena ta soki ɗan yatsanta ta ɗiga jinin a na'urar awo. Sukarinta goma sha tara. Da safe bakwai ne.

"Mama, me ya sa hannunki ke rawa?"

"Sanyi ne, 'yar gwal. Ci gaba da shan ruwa. Yanzu zan dawo."

Ta sami Zlatka ita kaɗai a bayan asibiti, ta share wuri mai faɗin ɗaki biyu. Sawaye sun bayyana birjik.

"Lelya, rana ta raba. Don Allah."

"Durƙusa. Sa hannunki a wannan. Ina ya fi zurfi?"

"Gaba."

"Diddigen fa?"

"Ya ja, kamar ana jan silifa."

"Ƙafa ƙarama ce a cikin takalmi babba. Takun kuma gajere. Duk taku ashirin sai an tsaya, an canja igiya daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Namiji mai wannan ƙafar da hannu ɗaya zai ɗauki akwatin." Ta ɗago ta dube ta. "Wa kika sani da ke zura takalmin mijinta in za ta fita cikin dusa? Wa ke tokare murfin firji don kada ya yi wari?"

"Kowace mace a garin nan," Nevena ta ce a hankali. "Har ni."

"To. Kuma sau biyu ta zo. Sawun katakon ya hau kan wannan, don haka wannan ne na farko. Ba ta ja komai ba a nan, amma ƙafar dama ta fi nutsewa, tana ɗauke da abu. Ga inda ta ajiye shi ta kulle ƙofa."

Zobe ne a cikin dusar, mai faɗin tafin hannu biyu. Nevena ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta. Gindin tulun ƙarfe ne na madara.

"Sai da ta kwashe maganin ta kai wani wuri, ta dawo, sannan ta cire wutar," in ji Zlatka. "Yanzu ki daina tunani irin na uwa, ki yi irin na matar Varbin. Wuta ta ɗauke. Kina da abin da ba kya so ya yi ɗumi, ba kya kuma so ya daskare. Ina za ki kai shi?"

Nevena ta riga ta fara gudu.

Hanyar ɗakin maɓuɓɓuga ta ƙarƙashin manyan bishiyoyi take bi, inda tarakta ba ta shiga. A can dusar asuba ba ta sauka sosai ba, sawun na nan a fili, zuwa da dawowa. Ɗakin na dutse ne, ya girmi cocin garin. Daga waje komai ya daskare, tsinin ƙanƙara na rataye a bakin rufi kamar haƙora, amma da ta tura ƙofar sai ta ji ɗumi-ɗumi a fuskarta, ruwa na fitowa daga cikin dutse yana tururi, baƙi ƙirin, yana gudu kamar yadda yake yi tun kafin a haifi kowa. Da rani ƙanƙara ake jin sa, da sanyi kuma ɗumi, alhali shi bai taɓa canjawa ba. A jikin bango ga ƙugiyoyin ƙarfe a jere, kowane gida da tasa, inda ake rataya madara da cuku su nutse a ruwa.

Yawancinsu ba komai a kansu. Ɗaya na riƙe da igiya. Nevena ta janyo ta da hannu biyu. Tulun ya fito yana ɗiga, an ɗaure ma'aunin Boyka a wuyansa da zaren ulu. Biyar yake nunawa, daidai tsakiyar koren layin. A ciki an naɗe komai da tawul, an sa a leda biyu, ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

A kan dutsen zama akwai guntun kyandir da ya narke har ƙasa.

"Ta fi awa guda zaune a nan," Zlatka ta ce daga bayanta, tana haki. "Tana jiran ma'aunin ya tsaya."

Nevena ta zari alƙalamin allurar insulin ɗaya, ta mayar da sauran cikin ruwa, ta fita a guje. Ba ta ƙirga ƙugiyoyin ba. Zlatka ce ta tsaya ta ƙirga.

Boyka ta ɗaga alƙalamin ga haske ta ce ruwansa garau yake, amma wanda ya daskare ya narke ma wani lokacin haka yake fita. Jini ne kaɗai zai faɗi gaskiya, sai an jira awa ɗaya da rabi. Nevena ta yi wa Rali allurar, ta naɗe ta a bargo, ta ɗauke ta zuwa shagon kofi don kada su yi nisa da nas.

Shagon a cike yake. Mladen a kusurwa, Kiro a wata kusurwar yana kumbure-kumbure, Maigari a tsakiya. Zlatka ta shigo ta tsaya kusa da murhu tana ɗumama hannu, sai da aka yi tsit ta fara. Ta faɗi maganar takalmi da safa, ta faɗi tawul, ta faɗi tafiya biyu da tulun madara.

"Mace?" in ji Maigari. "To a cikin mata sittin wace ce? Duk suna da tulu, duk suna da takalmin miji."

"Ta yi komai daidai," Zlatka ta ce. "Kuskure ɗaya ta yi, shi ma ba za ta iya ƙin yin sa ba. Ke Boyka, in kin je maɓuɓɓuga da madara, ƙugiyarki a cike, ta maƙwabciyarki ba komai, za ki rataya a tata?"

"Allah ya kiyaye! Ai gara in zubar."

"Kai fa, Mladen? Kai da ka hau turken gwamnati da almakashi?"

"Ni ɓarawo ne, Lelya, ba mara tarbiyya ba."

"To. Cikin duhu, ba mai ganinta, ƙugiya talatin ba komai a kansu. Da ta rataya a ta kusa da ƙofa da har yanzu muna nemanta. Sai ta wuce shida, ta rataya a ta bakwai."

Tun suna yara ake aikensu ɗakin, kowa ya san jerin kamar sunayen 'yan'uwansa. Nevena ta dubi jar safar da ke leƙowa daga ƙarƙashin bargo.

"Baba Velika," wani ya faɗa can ƙasa.

Maigari ya zame ya zauna. Fuskarsa ta yi fari. "Jiya da rana ta zo wurina," ya ce. "Ta ce injin numfashin Manol ba wuta, tukunyar iskar da suke ajiyewa ta kusa ƙarewa. Ta roƙi aron batirin. Na ce takarda ta hana a motsa shi, an buga masa lamba, in an zo dubawa ni za a kama. Na ce ta yi haƙuri wuta za ta dawo."

"Ka kyauta wa takarda," in ji Mladen.

Gidan Velika na can saman gari. Nevena ce a gaba, Rali a kafaɗarta, fushi na cin ta har ba ta jin nauyin yarinyar. Ta shirya maganganun da za ta faɗa tun daga ƙasan tudu. Da ta tura ƙofar ɗakin sai suka watse.

Dyado Manol na kishingiɗe a kan matasai uku, siririn bututu a hancinsa, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Injin na huci a gefen gado. Batirin na ƙasa, fitila ɗaya ce ta rage a cikin biyar ɗinsa. Baba Velika, mai shekara saba'in da uku, wadda tsawonta bai kai kafaɗar Nevena ba, tana riƙe da hannunsa. Igiya ta yanke mata tafin hannu biyu. Nevena ta tuna tudun da ta hawo yanzu, ta kasa gane yadda wannan 'yar tsohuwar ta jawo akwatin har nan ita kaɗai.

"Kin same shi?" Velika ta tambaya, ba ta ko gaishe su ba. "Biyar yake?"

"Biyar yake."

"Na yi niyyar zuwa gidanki da asuba in faɗa miki. Sai numfashinsa ya sarƙe, in na saki hannunsa sai ya firgita. Na yi ta cewa yanzu zan tashi, yanzu zan tashi."

"Baba, sukarinta goma sha tara ne," in ji Nevena. "Tun safe nake zaton zan binne 'yata. Da ya daskare fa? Da tulun ya zube fa?"

"Da na kashe ta, 'yata. Na sani. Da sanina na yi."

"Me ya hana ki buga ƙofata?"

"Maigari ya ce a'a. Na ji tsoro ke ma ki ce a'a, kuma ke kina da gaskiyar faɗa. In kin faɗa ba zan iya ɗauka ba."

Manol ya motsa leɓɓansa. Sai da Nevena ta sunkuya ta ji. "Na ce mata ta bar ni. Ba ta jin magana. Shekara hamsin ke nan."

"Yi shiru, tsohon banza, kana ɓata iska," in ji Velika.

Nevena ta dubi fitilar nan ɗaya. Ta juya ga mutanen da suka cika ƙofa.

"Wannan ba zai kai dare ba. Kiro, janaretarka nan za ta kwana, da manta duka."

"Baƙina fa?"

"Ka ba su bargunan da ka lulluɓe ta da su. Mladen, kai za ka haɗa. In ta tashi, ku mayar da batirin asibiti, a share dusar kan farantan ya sha rana. Maganin kuwa a bar shi a ruwa har a buɗe hanya, ya fi firjin aminci."

Maigari ya yi gyaran murya. "In 'yan sanda sun zo fa, me zan ce?"

Nevena ta ce, "Ka ce abin da ya faru, Bai Delcho. Ka fara daga jiya da rana."

Maigari ne ya kama gaban janaretar da aka zo hawa tudu da ita.

Lokacin da awa ɗaya da rabi ta cika, ana ta hayaniyar waya da mai a tsakar gida. Nevena ta zaunar da Rali a kan teburin kicin ɗin Velika, ta goge ɗan yatsan, ta soka. Boyka na gefe, Zlatka na jingine da ƙofa, ta cire hularta. Velika ta fito ta tsaya a bakin ɗaki, ƙafa ɗaya a ciki wajen mijinta, ɗaya a waje. Na'urar ta fara ƙirga daƙiƙunta biyar.

Goma sha biyu.

"Yana sauka," in ji Boyka. "Maganin da ransa."

Velika ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hannayen nan masu rauni. Nevena ta daɗe tana kallonta. Fushin bai gama fita ba, ta san zai kwana biyu a ƙirjinta. Duk da haka ta ɗauko ruwan ɗumi daga kan murhu, ta durƙusa, ta janye hannayen daga fuskar tsohuwar ta fara wanke su.

"Ki saurare ni, Baba. Nan gaba in kina bukatar wani abu daga ɗakin can, ƙofata za ki fara bugawa. Ko zan zage ki, ki buga. Ni zan ja miki katakon."

Daga kan tebur Rali ta leƙa tukunyar da ke kan murhu.

"Mama, wake ne a ciki. Zan iya ci?"

Nevena ta dubi Boyka, Boyka ta ɗaga kai.

"Rabin kwano," Nevena ta ce. "Ba burodi."